Kimiyya a Sauƙaƙe: Ɓeran da ya kasa zama wuri ɗaya

Kusan kowane aji akwai yaron da ake kira mai rawar kai: malam na bayani, hankalinsa na can kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi. Kullum cikin shan bulala yake. To, ko laifinsa ne?

A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da ake kira dofamin, wanda ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi. Yana da hannu wajen motsi, kwaɗayin lada da mayar da hankali. Da ya isar da saƙo, sai wani furotin ya kwashe shi ya mayar inda ya fito.

A 1996, masana a Jami'ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin Marc Caron, suka samar da ɓeraye marasa wannan furotin. Sai dofamin ya riƙa daɗewa tsakanin jijiyoyinsu, su kuwa suka dinga zarya ba hutu, musamman a sabon wuri. A 1999 aka ba su irin maganin da likitoci ke bai wa yara masu larurar rashin natsuwa, wato ADHD, sai suka lafa.

Ɓera ba mutum ba ne, amma ya nuna mana cewa wata rawar kan daga ƙwaƙwalwa take, duka ba ya maganinta. In ƙaninka haka yake gida da makaranta, ka yi wa iyayenku magana su kai shi asibiti. Kada wani ya saya masa ƙwaya a kemis.

Sai mako mai zuwa.