Wa Ke Wanke Iyakwandishan Ɗin Ƙungiya?

Mu manoman Maiyama mun san injin ban ruwa ba ya daɗewa in an bar shi da ƙura. To, haka iyakwandishan na taga yake. Ƙurar hunturu kan toshe ragarsa, sanyi ya ragu, injin ya wahala har ya ƙone ana tsakiyar zafin Afrilu. Daga nan sai neman mai gyara a Jega da kuɗin albasarmu.

A ganinmu laifin namu ne, don kayan taro kowa jiran wani yake yi. Kowace ƙungiya mai shi a ofis ta naɗa mutum ɗaya. Duk mako 2 ya cire wuta, ya zare ragar, ya wanke ta da ruwan sabulu, ta bushe a inuwa kafin a mayar. Rigakafi ya fi magani.