Ba A Zubar Da Ruwan Tulu Don An Ga Hadari

Idan ba a manta ba, a watan Afrilu na shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta raba miliyoyin Amurkawa da ayyukansu, gwamnan jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito yana cigiyar waɗanda suka san wani harshen sarrafa kwamfuta mai suna COBOL, wanda aka ƙirƙiro tun 1959. Dalili kuwa shi ne, tsarin biyan tallafin marasa aikin yi na jihar, wanda ya haura shekara 40, ya kasa ɗaukar ɗimbin masu neman taimako.

Wannan al'amari ya nuna mana cewa har gobe manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama da ofisoshin haraji na ƙasashen da suka ci gaba sun dogara ne a kan gingima-gingiman kwamfutoci, irin waɗanda kamfanin IBM ya yi fice da su tun da ya fito da System/360 a 1964. Injunan ba su cika lalacewa ba, domin kuwa har a 2025 kamfanin ya fito da sabon samfuri mai suna z17. Matsalar tana wajen bayanan da suka tara. Da yawansu suna jibge a kan kasa-kasai na maganaɗisu, an kuma rubuta su da wani tsarin haruffa da sauran kwamfutoci ba sa karantawa sai an juya shi, ga kuma ƙwararrun da suka san kan abin suna ta yin ritaya. Mu ma'aikatan rediyo mun san irin wannan ciwon kai, don kuwa muna da tsofaffin kasa-kasai na shirye-shirye, amma rikodar da za ta juya su ta zama abin nema.

Akwai masu ganin a watsar da tsohon tsari gaba ɗaya a koma sabo dare ɗaya. To sai dai abin da ya faru da bankin TSB na Birtaniya ya isa darasi. A watan Afrilu na 2018 bankin ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a cikin ƙarshen mako guda, lamarin da ya sa kusan mutum miliyan 1.9 suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi wajen kaiwa ga asusunsu. Bankin ya yi asarar kimanin fam miliyan 330, shugabansa Paul Pester ya sauka daga muƙaminsa, sa'annan a 2022 hukumomi suka ci shi tarar fiye da fam miliyan 48.

Shi ya sa da dama suka koma bin matsakaiciyar hanya, wato a bar tsohuwar kwamfuta ta ci gaba da lissafin yau da kullum, amma a haɗa ta da rumbunan ajiya na intanet da ake kira gajimare. A nan ake zuba kwafin bayanai da tsofaffin takardun da ba a buɗewa kullum, a juya su yadda sababbin manhajoji za su iya nazarinsu. Kuɗin sayen kaset da jigilarsa zuwa ɗakin ajiya ya ragu ke nan. Ganin akwai kasuwa, kamfanin Amazon ya buɗe sashen wannan aiki a 2022, shi kuma BMC ya sayi kamfanin Model9 mai wannan sana'a a 2023.

Amma fa gajimare suna ne kawai. Gini ne na wani kamfani, a wata ƙasa mai nata dokoki. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar bayanansu. Haka kuma wata dokar Amurka ta 2018 ta bai wa hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa suka ajiye su. Mu ma a wannan yanki mun ɗanɗana, domin a ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki suka tabarbare a Gana da Nijeriya.

Saboda haka muna kira ga bankuna da ma'aikatun ƙasashenmu da ke shirin sauya tsarin ajiyar bayanan albashi da fansho da rajistar 'yan ƙasa, da su yi ƙaurar kaɗan-kaɗan, su gwada dawo da bayanan kafin su rabu da tsohon wuri, su riƙe mabuɗin sirri a hannunsu, kuma lallai a bar kwafi guda a cikin gida. Ya kamata kuma a haɗa matasa da tsofaffin ma'aikata su koyi aikin tun kafin su tafi. Idan sunan ɗan fansho ya ɓace wajen ƙaura, shi da iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Allah ya sa a gyara.