Kaya Mai Aibi: Kuɗin Komawarsa a Wuyan Wa Yake?

 

Wani irin ciniki ya yaɗu a ƙasar Sakkwato wanda iyaye ba su san shi ba. Ɗan kasuwa yana zaune cikin rumfarsa a Boɗinga ko Shagari, sai ya ga hoton kaya a WhatsApp ko Facebook, turamen atamfa ne daga Kano, ko keken ɗinki, ko injin ban ruwa daga Ikko. A yi ciniki ta waya, ya tura kuɗi ta banki, a ɗora kaya a mota. Bayan kwanaki ya tafi tasha ya karɓa, ya biya kuɗin mota. Sa'ad da ya kwance ɗauri sai ya tarar atamfar tana zuba, ko injin ya ƙi tashi. In an yi dace da mai kunya, sai ya ce a komo da kayan a musanya. To, nan gardama take tashi: wa zai biya kuɗin komawa? Sau da yawa kuɗin zuwa da na komawa sun cinye ribar da ake tsammani, saboda haka mai saye ya haƙura da asara, ko kuwa, abin da ya fi muni, ya sayar wa wani a kasuwar ƙauye bai faɗa masa aibin ba. Zalunci ɗaya ya haifi na biyu ke nan.

Waɗansu suna cewa wannan cinikin biri a sama ne, littattafai ba su san shi ba. Ba haka ba ne. Waya ce sabuwa, amma sayen abin da ido bai gani ba tsoho ne. Imamu Malik ya halatta sayen dilar tufafi bisa takardar da ta lissafta abin da ke ciki, ba tare da an kwance ta ba. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya kawo cikin Risala halaccin sayar da abin da ba ya nan bisa siffa. Hoton da aka aiko da bayanin da aka yi ta waya su ne siffar. In kaya ya zo yadda aka siffanta, ciniki ya ɗauru. In ya saɓa, mai saye yana da zaɓi.

Malaman mazhaba sun shimfiɗa ƙa'idodi uku da suka shafi wannan magana. Ta farko, kayan da aka sayar bisa siffa yana cikin lamunin mai sayarwa har ya shiga hannun mai saye, in ba an yi wani sharaɗi ba, ko da yake ɗawainiyar ɗauko shi tana kan mai saye. Saboda haka biyan kuɗin mota na zuwa ba zalunci ba ne. Ta biyu, wanda ya sami tsohon aibi a cikin abin da ya saya, ko ya riƙe shi a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ta uku tana cikin Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, kuma Shehu Dardiri, wanda ya rasu a 1786, ya yi mata sharhi. An raba tsakanin wanda ya san aibi ya ɓoye, watau mai tadlisi, da wanda bai sani ba. Mai tadlisi shi zai ɗauki nauyin komar da kaya wurin da aka karɓe shi, ko da wurin yana da nisa. Wanda bai sani ba kuwa, mai saye ne zai mayar masa in wurin kusa ne. In da nisa, mayarwa ta kuɓuce, sai a biya mai saye kuɗin aibi. Misali, in lafiyayyen inji ya kai naira 100,000, mai aibin kuwa 80,000, sai a mayar masa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biya.

Mai karatu ya lura da wurin da hukuncin ya rataya, shi ne wurin karɓa. Magabata suna maganar falken da ya je da ƙafarsa, ya karɓi kaya hannu da hannu, ya ɗora wa jakinsa ya tafi garinsu. Mutumin Shagari da ya saya ta waya bai taka Kano ba. Mai kaya ne ya zaɓi abin da ya ɗaure, shi ya zaɓi mota, shi kaɗai ya sami damar dubawa kafin a rufe. Ra'ayin wannan shafi shi ne, wajibin mai saye bai wuce ya komar da kaya tashar da ya karɓe shi ba, daga nan kuwa nauyi na mai kaya ne, ko ya san aibin ko bai sani ba. In ya sani, har kuɗin zuwa ya kamata ya mayar. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Sai fa in mai saye ne ya aiki yaronsa ko direbansa ya karɓo masa a can, domin karɓar wakili karɓar mai aike ce. A nan hukuncin kusa da nesa ya komo yadda yake.

Dokar ƙasa ma wajen nan ta karkata. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata uku daga ranar da kaya ya iso ya mayar da abin da ya fito da aibi, ba tara, kuɗin komawa da haɗarin hanya duk a kan mai sayarwa, shi kuwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Amma 'yan kasuwa su farga: wannan kariya ta wanda ya saya don amfanin kansa ce, ba ta wanda ya sara don ya sayar ba. Mai sari ba shi da garkuwar da ta fi sharaɗin da ya ƙulla tun farko. Rubutun nan kuwa da ake yi a rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, a mashahurin zancen mazhaba ba ya kuɓutar da mai sayar da tufa ko inji daga tsohon aibi.

Shi ma mai saye akwai haƙƙi a kansa. Ya duba kaya da wuri, ya faɗi aibi nan da nan, kada ya ci gaba da amfani da shi bayan ya gani, gama wanda ya yi shiru ba uzuri, ko ya yanka atamfa ya ɗinka alhali ya san tana zuba, ya nuna yarda ke nan. Canjin ra'ayi kuma ba aibi ba ne. Wanda launi ya daina burge shi, in mai kaya ya karɓa, alheri ya yi masa, kuɗin mota zuwa da komawa nasa ne. Direba kuwa amintacce ne a kayan da ba abinci ba, ba a ɗora masa ramuwa sai an tabbatar da sakacinsa.

Saboda haka abu uku ake roƙo. 'Yan kasuwa kada su tura kwabo sai an rubuta cikin saƙo wanda zai biya kuɗin komawa da kwanakin da aka ɗiba don dubawa, gama aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka. Shugabannin kasuwa su sa a riƙa kwance kaya gaban shaidu biyu, a ɗauki hoto tun a tasha, tun da gani ya kori ji. Malamai kuma su karantar da babin ciniki a zaure kamar yadda suke karantar da tsarki da salla.

Ƙasar nan ba baƙuwar wannan karatu ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana Boɗinga, kuma algus da tauye mudu suna cikin abin da suka yi wa jama'a gargaɗi a kai. Mutumin Boɗinga ko Shagari da yake neman adalci daga Kano da Ikko, shi ma in ya aika wa wani albasa ko gero mai aibi, lalle ya biya kuɗin komawa da hannunsa, kafin ranar da ba a biya da naira. Allah ya sa a gane, ya tsare dukiyar bayinsa daga haram. Amin.