Kafin Mu Yi Mafarkin Marsel, Mu Tsallaka Jibia

Kwanakin baya a hostel wani abokina ya miƙo min waya, ya ce in duba garin da zai fara zuwa in Allah ya buɗa masa. Marsel ce, tsohuwar tashar jiragen ruwa a kudancin Faransa, garin da yawancinmu muka sani saboda ƙwallo, tun lokacin da Taye Taiwo yake buga musu baya. Na ce masa Allah ya nufa, sannan na tambaye shi ko ya taɓa hawa hasumiyar Gobarau. Ya yi dariya ya ce, "Kai malam, me zan gani a ginin ƙasa?"

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki biro. Abin da baƙi ke biyan kuɗi su gani a Marsel ai tsofaffin gine-gine ne. Girkawa suka kafa garin wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai Château d'If, tsohon kurkuku a kan tsibiri, da ganuwar soja ta Saint-Jean da aka gina a 1660, wadda a 2013 aka haɗa ta da sabon gidan tarihi ta wata gadar ƙafa. Mutanen garin sun gyara abin da suka gada, sun rubuta bayani a jikinsa, sun horar da masu zagayawa da baƙi. Da haka tsohon kurkuku ya koma wurin cin abincin jama'a.

Kuma garin yana da alaƙa da mu fiye da yadda abokina yake zato. A zamanin mulkin mallaka, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta hanyar Jibia da Katsina take bi zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai ta Legas, daga can jirgin ruwa ya wuce da ita Faransa, inda masana'antun Marsel da Bordo ke matse mai. Wato gumin kakanninmu yana cikin arzikin da muke kallo a waya muna haɗiyar yawu.

To me ya hana mu bin sawun wannan hanya? Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, ta Magama da Ɗan Isa. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa masarautar bayan jihadi ya raba su da birninsu, shi ya sa har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake kiransa. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta cinye tsohon gari, Faransawa suka mayar da shi kan tudu, suka yanka masa tituna miƙaƙƙu. Ɗalibin tsara birane zai ga a ƙasa abin da yake haddacewa a handawut. Ɗalibin zanen gini zai kwatanta fadar can da ta Katsina. Na harkar kasuwanci kuwa, zama ɗaya da Alhazan Maraɗi ya fi masa lakca uku.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai ita ce, a cire wani kaso daga kuɗin makon ɗalibai a riƙa shirya ziyarar ƙaro ilimi duk shekara. A fara da gida: Gobarau, ragowar ganuwa daga Ƙofar Sauri zuwa Ƙofar Ƙaura, da tsohon ginin Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Kowane sashe ya dawo da aiki a hannu, wasu su auna bango, wasu su ɗauki hoto, wasu su naɗi bayanin dattawa. Bayan nan sai a nufi Maraɗi.

Na san abin da za a ce: tsaro. Gaskiya ne, hanyar Jibia ta sha fama da 'yan bindiga, kuma an rufe iyakar a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ba wanda ya ce a kwashi ɗalibai a bas ba shiri. Sai da izinin hukumar makaranta, da shawarar jami'an tsaro, da cikakkun takardu, a tafi da hantsi a kwana can. In hanya ba ta yi kyau bana ba, zagayen cikin Katsina bai buƙatar fasfo ko sefa, kuɗin Keke Napep ya isa.

Dalilin gaggawar shi ne, ginin ƙasa ba ya jira. Kowace damina ganuwa na zaizayewa, wasu kuma na ɗibar ƙasarta suna yin bulo. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai ratsa Katsina da Jibia. Ranar da ya fara jigila baƙi za su zo, kuma za su nemi wanda zai nuna musu gari. In mu da muke riƙe da difloma ba mu san tarihin Gobarau ba, wa zai yi wannan aikin?

Abokina dai ya yarda za mu hau hasumiyar ranar Asabar. Duk mai sha'awa ya same mu a bakin get da ƙarfe tara.