Kafin Ka Faɗaɗa Ƙofar Gidanka

A wannan wata za mu yi magana a kan get, wato babbar ƙofar da mota take shiga gida. Yanzu mutane da yawa suna son ta yi faɗi ƙwarai, ƙafa 16 ko 20. Ba laifi ba ne. Amma ƙofa mai faɗi takan kayar da ginshiƙi, kuma sau da yawa yara ne suke wasa a gindinta.

Maigida, fara da awo. Faɗin ƙaramar mota wajen ƙafa 6 ne, na babbar mota kamar tipa ko tankar ruwa wajen ƙafa 8. Saboda haka ƙafa 10 zuwa 12 sun ishi ƙaramar mota. Sai in titinku matsattse ne, ko kuwa babbar mota za ta riƙa shigo da amfanin gona, sa'an nan ka nemi ƙafa 14 ko 16. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ga ɗan lissafi. Ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinka, sa'an nan ka miƙa hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗarka za ta gaya maka bambanci. Haka ƙyaure yake. In ka ninka tsawonsa, nauyinsa ya ninku, nisan nauyin daga ginshiƙi kuma ya ninku. Ke nan jan da yake yi wa ginshiƙi ya zama ninki huɗu. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1, kowace murabba'in mita tana kusan kilo 8. Ƙyaure mai faɗin ƙafa 16 da tsayin ƙafa 7, fallensa kaɗai ya wuce kilo 80, ban da ƙarafan da suka kewaye shi. Ka tuna, buhun siminti kilo 50 ne.

To, mene ne abin yi? Da fari, raba ƙofar gida biyu. Ƙyaure biyu masu ƙafa 8 sun fi guda ɗaya mai ƙafa 16 lafiya nesa ba kusa ba. Ka ce wa mai walda ya sa ƙarfe a gicciye cikin kowane ƙyaure, daga ƙasa ta wajen ginshiƙi zuwa sama ta ɗaya gefen, don kada bakinsa ya sunkuya ya riƙa jan ƙasa.

Na biyu, kada a rataya ƙyaure a jikin bulo. Bulo mai rami ba ya riƙe irin wannan nauyi. A haƙa rami kamar ƙafa 3, a tsai da rodi huɗu, a zuba kankare: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A binne ƙarfen da ƙyaure zai juya a kansa tun lokacin zubi. Tun ran gini ran zane. A yi ta ba ginshiƙin ruwa har kwana 7. Kankare yakan kai ƙarfinsa sosai a kwana 28, don haka kada ka bar magini ya yi maka gaggawa.

In faɗin ya wuce ƙafa 16, gara ƙofa mai taya wadda ake turawa gefe a kan layin ƙarfe, gama ƙasa ce take ɗauke da nauyinta. Amma lalle a sa abin tsayarwa a ƙarshen layin ta kowane gefe, da abin riƙo ta sama. In babu su, tana iya zarcewa ta faɗi a kan mai turawa. A riƙa share yashi daga layin. A bar saman ƙofar da sandunan ƙarfe masu tazara, domin iskar hadari ta sami hanyar wucewa.

Uwargida, naki aikin shi ne ki nace a yi ƙaramar ƙofa ta mutane a gefe. Da ita yara za su tafi makaranta, a shigo da ruwa da itace, ba sai an taɓa babbar ba. Ki kuma hana su lilo a jikin ƙyaure.

Kuɗin rodi da siminti bai kai kuɗin asibiti ba.