Asalin Kalmar "School" da Darasin da ke Cikinta

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san kalmar nan ta Turanci "school", wato makaranta. Da za a ce wa ɗan makarantar kwana, wanda ƙararrawa ke tayarwa tun asuba, makaranta wurin hutawa ce, sai ya yi dariya. To, ga abin mamaki, ainihin ma'anar kalmar hutu ne.

Turawan Ingila sun aro ta daga Latin, inda ake cewa "schola". Su kuma Romawa sun samo ta daga Girkawa masu cewa "skhole", wato lokacin da mutum ba shi da wani aiki a gabansa. A birnin Atina masu sukuni sukan taru a irin wannan lokaci su yi ta muhawara a kan ilmi. A nan ne Aflatun ya kafa makarantarsa wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗalibinsa Aristotil kuma ya kafa tasa a 335. Sannu a hankali kalmar ta tashi daga hutu ta koma zaman neman ilmi, daga nan ta koma wurin zaman.

Yau in Bature ya faɗe ta, yana iya nufin ginin, ko ɗaliban duka, ko masana masu bin ra'ayi ɗaya. Amma "school" da ake kiran garken kifi daga harshen Holan ta zo. Kama da wane ba wane ba ne.

A ganina Girkawa sun yi gaskiya, karatu ba ya yiwuwa sai da sukuni. Su bayi ne suka ɗauke musu aiki. Mu kuwa iyayenmu ne suka karɓe mana fartanya, suka sayar da gyaɗa da awaki don mu zauna a aji. Saboda haka duk wanda ya ƙare lokacin nazarin dare da surutu ko barci, gumin ubansa yake zubarwa.

Ku kuma iyaye, ina roƙonku da ladabi. Yarinyar da ta yini da farantin talla a ka, yaushe za ta buɗe littafi? Sayen littafi da biro bai isa ba, a ba ta lokaci kamar yadda aka ba ɗan'uwanta.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.