Sharhi: Ɗaukar sojan ko-ta-kwana ba wuya, riƙe shi ne aiki

Tun bayan da Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairun 2022, ƙasashen Turai suka koma kan wani lissafi da suka daɗe da jinginewa: idan yaƙi ya iso ƙofar gida, mutum nawa za a iya kira cikin mako guda? Amsar ba ta yi wa yawancinsu daɗi ba. Shi ya sa Jamus ta sa wa kanta burin tara sojojin ko-ta-kwana 200,000, ita kuma Birtaniya, a bitar tsaron da ta fitar a watan Yunin 2025, ta ce tana son ƙara yawan nata da kashi 20 cikin 100 idan aljihu ya bari.

Sojan ko-ta-kwana shi ne malamin makaranta ko direba ko akanta da ke fita aikinsa kullum kamar kowa, amma ya yi rantsuwar soja, yana halartar atisaye lokaci zuwa lokaci, kuma gwamnati na da ikon kiransa fagen daga. Yana da arha, domin ba a ciyar da shi a bariki shekara cur. Wannan arha ita ce ke ruɗin masu tsara kasafi.

Birtaniya ta riga ta ɗanɗana. A farkon shekarun 2010 ta yanke shawarar rage sojojinta na ƙasa na dindindin daga kimanin 102,000 zuwa 82,000, da nufin cike gurbin da ƙwararrun 'yan ko-ta-kwana 30,000. Adadin ya ƙi cika a kan lokaci. A 2016 sai aka sauya ma'anar "wanda ya samu horo" ta yadda za ta haɗa da wanda ya kammala matakin farko kawai. Alƙaluma sun gyaru a takarda, amma tambayar tana nan: me ke sa wanda ya shigo da ɗoki ya fara ƙauracewa atisaye bayan shekara biyu?

Abu na farko da ke kashe gwiwar sabon shiga shi ne zaman banza. A yawancin rundunonin Birtaniya ana buƙatar ya ba da aƙalla kwana 27 a shekara: maraice ɗaya a mako, wasu ranakun ƙarshen mako, da zangon mako biyu a sansani. Idan ya cika sharuɗɗa ana ba shi tukuicin shekara wanda ba a cire masa haraji, kuma kuɗin na ƙaruwa har shekara ta biyar. To amma wanda ya tashi daga ofis a gajiye, ya bar iyalinsa ranar Asabar, ya je ya tarar babu harsashin gwaji, ko an soke darasi, ko an wuni ana cike takardu, ba tukuici ne zai dawo da shi ba. Sojan dindindin idan aka ɓata masa rana, ranar gwamnati ce. Shi kuwa ɗan ko-ta-kwana, ranar hutunsa ce aka ci.

Sai kuma batun maigidansa na farar hula, wanda a nan ne ma'aikaci da ɗan kasuwa ke rabuwa. Wata dokar Birtaniya ta 1985 ta tilasta a mayar da mutum bakin aikinsa idan ya dawo daga kiran gwamnati, kuma ana biyan ƙananan kamfanoni fam 500 a wata kan kowane ma'aikaci da aka ɗauke musu. Amma dokar ba ta tilasta wa kamfani ba da hutun atisaye ba. Ma'aikacin gwamnati na samun kwana 15 da albashinsa. Na kamfani kuwa sau da yawa hutunsa na shekara yake sadaukarwa. Mai shago ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin babu dokar da za ta hana abokin cinikinsa komawa shagon maƙwabci idan ya tarar da nasa a kulle wata shida.

Ƙarin girma ma haka yake tafiya da ɗingishi. Kwas ɗin da sojan bariki zai yi a jere, shi sai an gutsuttsura masa, kuma kowane gutsure sai ya nemi izini a wurin aiki. Waɗanda suka fi daɗewa a tsarin galibi su ne waɗanda aikinsu biyu ke ciyar da juna. Likitoci da ma'aikatan jinya na asibitocin gwamnatin Birtaniya sun yi aiki a asibitin sansanin Bastion da ke Afganistan, suka koma gida da ƙwarewar kula da munanan raunuka wadda da wuya su samu a garuruwansu. A 2013 ƙasar ta buɗe sashen ko-ta-kwana na masana tsaron intanet, mutanen da rundunar ba za ta iya biyansu albashin kasuwa ba. Ko ƙaramin soja da ya samu lasisin tuƙa babbar mota ko shaidar agajin gaggawa yana da abin nuna wa maigidansa cewa kwanakin da ya yi ba ya nan ba asara ba ne. Sabon shiga mai wayo, kenan, tun farko yake zaɓar sashen da ya dace da sana'arsa, ba wanda kakinsa ya fi burge shi ba.

Amurka ta bi wata hanya: ta mayar da haƙuri abin ƙidaya. Kowane atisaye na da maki, shekarar da mutum ya tara maki 50 ita ce ake lissafa masa, kuma wanda ya haɗa irinta 20 ya cancanci fansho, yawanci daga shekara 60. Duk da haka, lokacin da aka riƙa jigilar dakarun jihohi zuwa Iraƙi, rundunarsu ta kasa cika adadin sababbin da take nema a 2005.

Wannan shi ne ɗaya gefen matsalar: idan zaman banza na kora, yawan kira ma na kora. Isra'ila ta kira 'yan ko-ta-kwana fiye da 300,000 bayan harin 7 ga Oktoban 2023, kuma da yaƙin Gaza ya ja, aka yi ta maimaita kiran mutanen nan dai, kasuwancinsu na durƙushewa, masu amsa kira na raguwa. Abin da ya ƙara fusata su shi ne ganin ɗaliban makarantun addini masu tsattsauran ra'ayi ba sa shiga soja, har sai da kotun ƙolin ƙasar ta yanke a watan Yunin 2024 cewa babu hurumin doka na ci gaba da keɓe su. Mutum na iya jure nauyi. Abin da ba ya jurewa shi ne ya waiga ya ga na kusa da shi hannu rabbana.

'Yan Kato da Gora da suka taso a Maiduguri a 2013, da dakarun tsaron al'umma na Katsina da Askarawan Zamfara, ba sojojin ko-ta-kwana ba ne a shari'ance. Amma su ma farar hula ne da aka ɗora wa aikin tsaro, kuma tambayoyin iri ɗaya ne: wa ke riƙe gona ko rumfa idan sun fita, wane horo ke biyo na farko, kuma ina matakin gaba ga wanda ya yi shekara biyar?

A Jamus, majalisar dokoki ta amince a watan Disambar 2025 da sabon tsarin da zai sa kowane saurayi ɗan shekara 18 ya cike takardar bayanin lafiyarsa da ra'ayinsa kan aikin soja, da fatan waɗanda suka yi hidima su zama 'yan ko-ta-kwanan gobe. Ƙasar ta dakatar da aikin soja na dole a 2011, tsarin rajistar da ake bibiyar mutane da shi kuma ya bi shi. A yau akwai ɗimbin tsofaffin sojoji da ta kashe kuɗi ta horar, waɗanda rundunar ba ta da adireshin da za ta aika musu wasiƙa.